Yadda Za Ki Daidaita Cikinki da Bayan Gida Lokacin Juna Biyu da Jego

Tambayoyi uku ne masu juna biyu da masu jego suka fi maimaitawa, galibi da murya ƙasa-ƙasa, bayan an gama awo ungozoma ta fara rufe kati: "Yau kwana huɗu ban kewaya ba, me zan sha?" "Wannan ƙwannafin zai bar ni kuwa?" "Idan na yi yunƙuri, ɗinkin ba zai warware ba?" Duka ukun suna da amsa, amma amsar tana da jeri, kuma jerin shi ne aikin. Wadda ta fara da maganin wankin ciki kafin ta gyara ruwa da abinci za ta samu sauƙin yini ɗaya, ta koma gidan jiya. Matakai biyar na farko kusan ba sa cin kuɗi. Sai an zo kan magani ne aljihu yake shiga.

1. Fara tantance abin da ke damun ki

Ki ɗauki kwana uku kina lura: sau nawa kika kewaya, yaya bayan gidan yake, me kika ci, kofi nawa na ruwa kika sha, waɗanne magunguna kike sha. Rashin zuwa kullum ba cuta ba ce. Maƙarƙashiya ita ce a yi ƙasa da sau uku a mako, ko bayan gidan ya fito da tauri guntu-guntu, ko sai da nishi, ko ki tashi kina jin ba ki gama ba. Abin da ke jawo ta a lokacin ciki shi ne sinadarin furojestaron, wanda ke sassauta tsokar hanji. Abinci sai ya daɗe a hanya, hanji ya yi ta tsotse ruwansa har ya bushe. A watannin ƙarshe kuma ga mahaifa ta danne hanjin.

Gargaɗi: akwai ciwon da ke kama da na hanji alhali ba na hanji ba ne. Ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwo a saman ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi ko kumburin fuska da hannu, musamman bayan mako 20, domin alamar hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga ce, kuma yana iya tasowa har bayan haihuwa; murɗawar ciki mai zuwa tana tafiya a kan lokaci kafin mako 37, zubar jini ko ruwa ta gaba, raguwar motsin jariri, zazzaɓin da ya kai digiri 38, ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa da ke tsananta da dare, wanda kan nuna matsalar hanta.

2. Ruwa kafin komai

Ki nemi kofi 8 zuwa 10 a rana, wato lita 2 zuwa 2 da rabi, fiye da haka idan ana zafi ko kina shayarwa. Kada ki dogara da ƙidaya a ka. Ki cika gorar lita ɗaya da safe, ki ƙarar da ita kafin tsakar rana, ki sake cikawa ki ƙarar kafin faɗuwar rana. Ma'auni mafi sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi haske, ruwan ya isa, idan ya yi duhu da wari, bai isa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rage shan ruwa don gudun yawan fitsari. Abin da ya kamata a sauya shi ne lokacin sha: ki sha mafi yawa da rana, ki sassauta awa biyu kafin kwanciya. Shayi da kofi ba sa maye gurbin ruwa, kuma kada sinadarin kafeyin da ke cikinsu ya wuce miligiram 200 a rana, kimanin kofi biyu na kofin gari ke nan.

3. Ƙara faiba, amma da sannu

Faiba ita ce zare-zaren da ke cikin ganyaye, ɓawon 'ya'yan itace, wake da dusar hatsi. Ba ta narkewa, sai dai ta riƙe ruwa, ta sa bayan gida ya yi laushi da auki. Ana son giram 25 zuwa 30 a rana. Don ki gane yawan: kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da giram 12 zuwa 15, tuffa ɗaya da ɓawonta kimanin giram 4. Hatsin da ba a cire masa dusa ba ya fi wanda aka tace, kuma cin ɗan itacen ya fi shan ruwansa, don a wurin matsewa ake zubar da faibar.

Tsarin shi ne: kwana uku na farko ki ƙara abu ɗaya a abinci ɗaya; kwana uku na gaba ki ƙara na biyu; cikin mako biyu ki kai inda ake so.

Gargaɗi: wadda ta tashi rana ɗaya ta cika faranti da wake da ganye za ta kwana da kumburi da iska, washegari ta ce abin bai karɓe ta ba. Gaggawar ce ba ta karɓe ta ba. Haka nan faiba ba ruwa tana ƙara toshe hanji, shi ya sa aka sa ruwa a gaba. Ki wanke duk ganyen da ɗan itacen da za a ci ɗanye da ruwa mai tsabta sosai.

4. Daidaita maganin ƙarin jini, kada ki ajiye shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum. Ƙarfen yana taurara bayan gida, yana kuma mayar da shi baƙi ko kore mai duhu. Wannan launin ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ki ajiye maganin shiru, ki shiga naƙuda da ƙarancin jini.

Ki sha shi da ruwa ko ruwan lemu, don bitamin C yana taimaka wa jiki ya karɓe shi. Ki ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da shayi, kofi, madara, ƙwayar kalshiyam da maganin ƙwannafi, domin duk suna hana shi shiga jini. Idan yana tayar miki da zuciya, ki sha bayan ɗan abinci ko da dare. Idan duk da haka ya gagara, ki faɗa a wurin awo. Ana iya sauya nau'in, ko rage ƙarfinsa, ko sauya ranakun sha, gwargwadon abin da gwajin jininki ya nuna.

Gargaɗi: baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, tare da jiri ko bugun zuciya, ba na ƙarfe ba ne. Jini ne daga sama, asibiti yake so nan take.

5. Lokaci, zama da motsi

Wannan matakin ne aka fi rainawa, alhali yana da amfani sosai. Hanji yana motsawa da kansa bayan an ci abinci, musamman karin kumallo. Don haka ki sha ruwan ɗumi, ki karya, bayan minti 20 zuwa 30 ki shiga banɗaki ko ba ki ji matsuwa sosai ba. Idan kika riƙe wannan lokacin kwana bakwai zuwa goma, hanjin zai saba. Duk sanda kuma ya kira ki, ki amsa. Riƙewa saboda aiki ko baƙi yana mayar da bayan gidan ciki ya ƙara bushewa.

Idan masai na zama ne, ki sa ɗan abin taka ƙafa mai tsayin santimita 15 zuwa 20, yadda gwiwoyinki za su ɗara ƙugunki tsayi. Ba sai kin saya ba, duk wani abu mai ƙarfi da ba ya zamewa zai yi. Ki ɗan sunkuya gaba, ki ɗora gwiwar hannu a cinya, ki saki ciki ya turo gaba. Maimakon ki riƙe numfashi ki danna ƙasa, ki fitar da iska ta baki a hankali kamar mai hura abinci mai zafi. Wannan zaman yana miƙar da lanƙwasar ƙarshen hanji, abu ya sauko ba da faɗa ba. Mai tsugunawa ta riga ta samu wannan zaman, sai dai a watannin ƙarshe ta tanadi abin dafawa, don nauyin ciki yana kayar da mutum.

Minti biyar zuwa goma sun isa. Idan bai zo ba, ki tashi ki dawo daga baya. Waya ba ta da aiki a banɗaki: dogon zama a kan masai yana tara jini a jijiyoyin dubura, nan basir ke samun ƙofa.

Ki haɗa da tafiya ta minti 20 zuwa 30 a rana, da saurin da za ki iya magana ba ki haki ba, sai fa idan likita ya hana ki motsa jiki.

6. Magani, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi

Idan an yi mako guda ana bin matakan baya ba canji, ko kin kai kwana uku zuwa huɗu ba ki kewaya ba kuma kina jin jiki, lokacin magani ya yi. Ki gaya wa mai ba da maganin cewa kina da ciki ko kina shayarwa.

Na farko, masu ƙara auki, irin garin isfagula. Ana dama shi a cikakken kofin ruwa a shanye nan take kafin ya daskare, a bi da ƙarin ruwa. Ba a shan sa dab da kwanciya. Yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku.

Na biyu, masu jawo ruwa cikin hanji, irin laktulos da makrogol. Yawanci ana fara laktulos da mililita 15 sau biyu a rana, da murfin awon da ke kan kwalbar. Shi ma yakan kai kwana biyu kafin ya yi aiki, yana kuma sa iska a farko. Wadda ta daina shi a rana ta farko tana cewa bai yi mata ba, kuɗin kwalba ya tafi a banza.

Na uku, masu zaburar da hanji, irin sena da bisakodil. Suna aiki cikin awa 6 zuwa 12, suna murɗa ciki, kuma na 'yan kwanaki ne da izinin likita. Idan bayan gidan ya zo bakin dubura ya tokare, maganin cusawa na gilisarin yana sauko da shi cikin minti 15 zuwa 30.

Gargaɗi: kada ki sha man zurma, yana iya tayar da murɗawar mahaifa. Kada ki sha man farafin, yana hana jiki karɓar bitamin A, D, E da K. Shayin rage ƙiba da haɗe-haɗen wankin ciki da ba a rubuta abin da ke cikinsu ba, ki bar su inda kika gan su.

7. Ƙwannafi da laulayi

Sinadarin da ya sassauta hanji shi ya sassauta bakin tumbi, tsamin ciki yake tasowa ƙirji. Ki raba abincinki gida biyar ko shida ƙanana. Ki bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya. Ki ɗaga gadon ta wajen kai da santimita 10 zuwa 15. Tara matasan kai yana naɗe ciki ne kawai, ya ƙara matsa shi. Ki kwanta ta gefen hagu. Maiƙo, yaji da lemun kwalba mai iska su ne suka fi tayar da shi. Idan ba a samu sauƙi ba, akwai magungunan ƙwannafi masu kalshiyam ko aljinet da ake ba masu ciki, likita kuma yana iya rubuta omefirazol idan ya yi tsanani. Kada ki jiƙa hodar sodar burodi ki sha, gishirinta yana tara ruwa a jiki.

Laulayi yakan fara wajen mako na 6, ya lafa tsakanin mako 16 da 20. Busasshen abu kaɗan kafin tashi daga gado, kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, da citta suna taimakawa. Amma idan awa 24 ta wuce ba abin da ya zauna, ko awa 8 ba fitsari, ko kina ramewa, wannan ya wuce laulayi, ƙarin ruwa yake so.

8. Basir da tsagewar dubura

Basir kumburin jijiyoyin dubura ne: ƙaiƙayi, tsiro mai taushi, jan jini kaɗan a ƙarshen bayan gida. Tsagewa kuwa zafinta daban ne, kamar an yanka da reza lokacin fita, ya ci gaba da raɗaɗi bayan an tashi. Maganin duka biyun na asali ɗaya ne, laushin bayan gida. Mai shafa man basir tana ci gaba da nishi ba za ta warke ba.

Ki wanke da ruwa, ki tsane da tattausan ƙyalle ta hanyar dannawa, ba gogawa ba. Ki zauna cikin ruwan ɗumi mai tsabta minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana; ki gwada da gwiwar hannu, idan ya ƙona ta ya yi zafi da yawa. Ga kumburi, ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 10. Farasitamol ya isa ga ciwon. Ibufurofen ba na mai ciki ba ne sai likita ya ce, kodin da tiramadol kuwa suna ƙara maƙarƙashiyar.

Gargaɗi: duk jinin da kika gani, ki tabbatar ta ina ya fito, ki kuma bari a duba. Jini mai yawa, ko gauraye cikin bayan gidan, ko tsiron da ya yi tauri da shuɗi yana hana zama, ba na jiyya a gida ba ne.

9. Gudawa da cikin da damuwa ke juyawa

Ga gudawa, abin gudu shi ne bushewar jiki. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙullin da ake sayarwa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ko, in babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kofi guda bayan kowace fita, a zubar da ragowar bayan awa 24. Kada ki sayi maganin tsayar da gudawa ko na kashe ƙwayoyin cuta da kanki. Jini, zazzaɓi, ko wuce kwana biyu, sai asibiti.

Akwai kuma cikin da gwaji ba ya nuna komai a kansa, amma yau gudawa, jibi maƙarƙashiya, kullum kumburi, yana tashi duk ranar da hankali ya tashi. Ba ƙarya mai shi take yi ba. Hanji da ƙwaƙwalwa a haɗe suke da jijiyoyi, fargaba tana iya gaggauta hanji ko ta tsayar da shi. Ki koma ga rubutun mataki na 1, ki ƙara layi ɗaya: yaya barcinki da zuciyarki a ranar? Sau da yawa a nan amsar take fitowa. Ki riƙe lokutan cin abinci, ki ci a zaune. Sau biyu a rana ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar ta baki kina ƙirga shida, na minti biyar. Ki miƙa wani aikin ga wani, ki sami barci.

Kuka da ƙuncin da ke zuwa kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa sukan wuce cikin mako biyu. Idan suka zarce, ko kika daina jin daɗin komai, ko kika kasa barci ko da jariri yana barci, ki faɗa wa likita, ciwo ne mai magani. Tunanin cutar da kai ko jariri kuwa, a ranar ake neman taimako.

10. Bayan gida na farko bayan haihuwa

Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, don hanji ya wofinta lokacin naƙuda, an yi asarar ruwa da jini, wurin kuma yana ciwo. Tsoro ne ke tsawaita shi. Ɗinkin da aka yi daidai ba ya warwarewa don an yi bayan gida. Wadda ta rage ci don kada ta kewaya, taurinsa take ƙarawa.

Ki fara ruwa da abinci da zarar an ba ki izini. Ki aje kofin ruwa inda kike shayarwa, ki sha duk lokacin da jariri ya kama nono. Ki sha maganin ciwon da aka ba ki rabin awa kafin ki shiga. Ki wanke hannu, ki ninka audugar mata mai tsabta, ki tallafe wurin ɗinkin daga gaba da ita yayin da kike sakin ciki, da zama da numfashin mataki na 5. Ki wanke daga gaba zuwa baya, ki tsane, ki sa sabuwar auduga. Idan kwana huɗu suka cika ba labari, ki nemi laktulos ko makrogol; ana ba masu shayarwa.

Idan tiyata aka yi, iska ce za ta fara damun ki, har ciwonta ya kai kafaɗa. Tashi da 'yar tafiya da wuri, da taimakon ma'aikaciya, su ke sauko da ita. Ki danna matashi a kan ɗinkin lokacin tari ko zama a masai. Magungunan ciwo masu ƙarfi da ake bayarwa bayan tiyata suna tsayar da hanji, don haka ki nemi mai laushin bayan gida tun kafin a sallame ki.

Gargaɗi: ciki yana ƙara kumbura, ana amai, iska ba ta fita, wannan hanji ne ya tsaya, a koma asibiti. Idan kuma ƙarin da kika yi ya kai ga tsokar dubura, za a ba ki maganin laushi na kimanin kwana goma. Ki shanye shi duka, kuma kada ki cusa komai ta dubura sai wanda ya yi ɗinkin ya amince.

11. Idan iska ko bayan gida na kuɓucewa

Tsokokin ƙasan ƙugu, masu riƙe mafitsara, mahaifa da dubura kamar raga, suna miƙewa sosai a haihuwa. Ki fara motsa su a kwanakin farko, da zarar an cire robar fitsari in an sa. Ki matse kamar mai hana tusa fita, ki ja sama, ki riƙe daƙiƙa uku da farko, ki saki gaba ɗaya. Ki riƙa ƙarawa har daƙiƙa goma, sau goma, ki bi da matsewa goma masu sauri. Sau uku a rana, aƙalla wata uku. Cinya da ɗuwawu kada su motsa, numfashi kada ya tsaya, kuma ba a gwada shi ana cikin fitsari.

A ganin likita na mako shida, ki faɗi abin da sunansa ko ba a tambaye ki ba: iska tana fita ba ki sani ba, kina ganin ɓaci a kamfai, ko ba kya iya riƙewa har ki isa banɗaki. Akwai gwaji, akwai masu horar da waɗannan tsokokin, akwai gyara in tsokar ce ta yage. Iska ko bayan gida da ke fitowa ta gaba kuwa alamar ɓula ce tsakanin hanyoyin biyu. Wannan ba a jiran mako shida, aikin likitan tiyata ne.